Tafintan Da Ya Ƙi Cewa "Gyara"

Duk ranar zaman kwamitin tsara gari, kafin masinja ya gama share zauren ƙaramar hukuma, Baba Tafinta ya riga ya zauna ƙarƙashin fankar nan da ba ta juyawa, da tabarau ɗaure da zare, yana bin takardu layi-layi. Aikinsa ɗaya ne: manya su yi magana da harshen ofis, shi ya juya wa jama'a da Hausa.

Ba zan manta zaman da aka yi kan layinmu na bayan tasha ba, gida arba'in da uku, har da na mahaifiyata. Injiniya ya baza taswira, ya yi ta zuba bayani. Shugaban kwamiti ya sunkuya ya raɗa wa Baba, bai san lasifika na ɗauka ba: "Ka ce musu gyara za a yi."

Baba ya miƙe. "Ranka ya daɗe, ban ga gyara a takardar nan ba." Ya juyo gare mu. "Jama'a, rusau ne. Jan layin nan ta tsakar gidajenku ya bi. Kuna da kwana ashirin da ɗaya ku shigar da ƙorafi a rubuce."

Wata tsohuwa mai ɗinki ta ce, "Malam, ai mun ji an ce gyara."

"Inna, irin gyaran da ake zuwa da katafila ne."

Muka rubuta, aka jingine shirin. Mako bai zagayo ba aka mayar da Baba ɗakin ajiyar fayil, cikin kyankyasai. Shekara tara ba ƙarin girma, waɗanda ya koya wa aiki suka zama shugabanninsa. Mu kuwa, don rashin ta-ido, kansilan da bai ce uffan ba a zauren muka je muka yi wa godiya. Ina cikin masu tafi, kuma har yau abin na ci mini rai.

Watan jiya ya yi ritaya. Ko ruwan sanyi ba a raba ba, ya miƙa wa maigadi makulli ya tafi. Da na je gaishe shi na yaba masa bajintar da ya yi mana, sai ya ce, "Ɗana, wace bajinta? Abin da aka rubuta na karanta."

Baba, kai ne ka sayi rufin da ke kanmu da kujerarka. Mai faɗin gaskiya ko a gaban wa, mun gode, kuma ka yafe mana jinkirin godiyar. Ku da kuke riƙe da lasifika yanzu, ba a ce ku yi faɗa da kowa ba, ku dai faɗi abin da ke takarda.

Shekaranjiya aka manna sanarwa a bakin layinmu: tsohon shirin ya dawo, zama mako mai zuwa. Mahaifiyata ta tambaye ni wa zai fassara mana wannan karon.