Abin da likita ya faɗa mini

A shekarun da kuɗin fetur suka fara zubo mana kwalta da motoci aka haifi 'yar ƙanena a Mabai. Ta zo da hanjinta a waje, cikin wata 'yar jaka mai sheƙi a daidai cibiya. Ungozoma ta ja da baya tana salati. Ni na naɗe jaririyar a zane, muka sami mota a Ƙanƙara har babban asibiti a Zariya. Suka yi ta shafa wa jakar jan magani har fata ta rufe ta, aka bar tulluwa kamar ƙoƙo. Bayan yaye aka ba ni riƙonta, tunda ni goggonta ce kuma Allah bai ba ni haihuwa ba.

Tana shekara biyar aka yi mata aiki. Tulluwar ta tafi, cibiyar ma ta tafi, sai dogon tabo. Ranar sallama ni kaɗai ce a gaban likita. Ya ce ta warke sarai: ta yi gudu, ta yi daka, in ta girma ta yi aure ta haihu kamar kowa. Na ji shi da kunnena. Amma da muka dawo gida ubanta ya tambaye ni, “Yaya, mi likita ya ce?” sai na ce an ce a lallaɓa ta, cikin ɗinki ne, ba zai ɗauki nauyi ba.

Tsoro nake ji, wannan gaskiya ne. Ni na ga hanjin nan da idona. Sai dai har da son kai: yarinyar da ake lallaɓawa ba ta nisa da goggonta.

Haka ta tashi. Ba taɓarya, ba tulu. In 'yan mata suna gaɗa a ƙofar gida, suna faɗawa da baya ana cafe su, ita tana zaune tana tafa musu. Ni kuwa bakina ba ya mutuwa. Duk wadda ta ja hannunta sai ta gane kurenta. Har ƙawayenta suka sa mata suna ƙwan goggo, ita ma tana dariya.

Da ta isa aure wani malamin makaranta daga Faskari ya fito, ita ma tana sonsa, ko makaho ya shafa ya ji. Kamar yadda aka saba, danginsa suka turo mata biyu bincike, kuma wajen mariƙiya ake zuwa. Na shimfiɗa musu tabarma, na kawo fura, na ce, “Ba ni ɓoye maku, likita ya ce cikinta ba ya ɗaukar ɗa.” Ba su sake dawowa ba. Ta yi wata guda ba ta cin abincin kirki, ni ina dama mata kunu ina ba ta haƙuri.

Sai da ta kusa talatin wani manomi a Sabuwa, mai 'ya'yansa, ya ce shi ba haihuwa yake nema ba. Ta amince. Shekara ba ta zagayo ba ta dawo gidana goyon ciki, ni ina ta zullumi. Ta haifi namiji lafiya lau, tabon ko gezau.

Ranar da cibiyar yaron ta faɗi, na gama yi mata wankan jego, ta miƙo mini shi. “Goggo, ke za ki gasa mashi. Ni ban taɓa mallakar cibiya ba balle in san yadda ake da ita.” Muka yi dariya. Ina ɗumama tsumma, ta ƙara da cewa, “Ashe likitoci ma suna kuskure. Allah shi yafe mashi, ya sa na rasa gaɗa, na rasa malamina.”

Tsumman na ƙona mini yatsu ban sake shi ba. Na ce, “Ba shi ya faɗa ba. Cewa ya yi kin warke. Ni ce.”

Ba ta yi kuka ba, ba ta ɗaga murya ba, da ma ta zage ni. Hannu kawai ta miƙo ta karɓi ɗanta, ta ce, “Kawo tsumman, Goggo. Zan koya.”