Mangwaron Kaka da Farantin Sola

Ranar kasuwar Lolo ce, bayan an gama yankan shinkafa, shekarar da nake aji shida na firamare. Muna zaune ƙarƙashin mangwaron tsakar gidanmu muna ɓare gyaɗa, sai ga Baba ya turo babur ɗinsa har cikin gida, abin da bai taɓa yi ba. A bayansa an ɗaure wani abu mai faɗi cikin tsohon bargo, ga batir a kan tanki ya tokare shi da ƙirji. Da aka kwance bargon sai ga baƙin gilashi mai layi-layi, muna ta leƙa fuskokinmu a ciki. Farantin sola ne. Rabin shinkafar da muka ƙone a rana muna korar mata tsuntsaye, nan ta tafi. Kaka, mahaifiyar Baba, ta ɗago kai ta dube shi sau ɗaya, ta ce, "To, Allah shi sa alheri," ta koma kan gyaɗarta.

Babu wanda ya ga laifin Baba. Ƙauyenmu yana tsakanin Bagudo da iyakar Benin, an kafa mana turakun lantarki tun ina rarrafe, amma tsuntsaye kaɗai suke morar wayar. Kalanzir da batirin tocila sun ishi kowa, cajin waya kuwa sai an aike ni shagon bakin tasha, in yi ta jira har ƙafata ta yi tsami.

Mangwaron nan marigayi Kakanmu ya shuka shi, da ƙwallon da ya zo da shi daga hayin iyaka, lokacin Baba yana goye. Duk rayuwar gidan a gindinsa take. Nan turmi yake, nan randar ruwan sha take, a reshensa muke ɗaura lilo, a inuwarsa ƙannena mata suke carafke. Tabarmar Kaka kuwa bin inuwar take yi, har ba ma bukatar agogo: in ta kai jikin rumbu, la'asar ta yi. Ni ne jikanta namiji na fari, don haka ba ta taɓa kiran sunana ba, sai dai Maigida. Kullum ƙorafinta ban ba ta kuɗin cefane ba, kullum amsata ta tsufa zan sake sabuwa. Amma mangwaron farko da ya nuna kowace shekara, cikin ƙullin zanenta take ɓoye mini shi.

Mai haɗa wutar da aka ɗauko daga Bagudo ya ce a ɗora farantin a rufin zaure, can rana take wuni, waya kawai za a ƙara. Baba ya ƙi. Zauren yana kallon hanyar da 'yan babur ke bi zuwa iyaka dare da rana, ya ce shi ba ya aza dukiyarsa a bakin titi. Aka ɗora shi a kan kwanon ɗakinsa, dab da mangwaro, aka ba ni aikin hawa tsani kullum da safe in goge shi. Ni na fara ganin matsalar. Daga azahar inuwa take rufe shi ruf, ga ganye, ga kashin jemage. Ƙwayayen fitilarmu kuwa ana sallar isha suke lumshewa. A makaranta aka sa ni gaba da tsiya, wai solar gidanmu da kaji take kwanciya. Abin ya ci mini rai ƙwarai.

Na sami Baba na ce masa jarrabawar shiga sakandare ta matso, ba na samun hasken karatu, kuma itacen ne. Gaskiyar magana ba karatu ne ya dame ni ba, dariyar yara ce. Da kunnena na ji maganar zaure, amma ban tuna masa ba. Cewa na yi a sare.

Lokacin mangwaron ya zubar da fure, 'ya'ya sun fito ƙanana kamar goro. Da maganar ta kai kunnen Kaka ba ta yi faɗa ba. Cewa kawai ta yi, "Ku bari ɗiyan ga su nuna tukuna. Iccen ga ba inda za shi." Baba ya ce to. Ni kuwa ban bar shi ya huta ba, safe da yamma ina kawo ƙara, har ranar da Kaka ta tafi Zagga sunan jikarta, ya kira masu gatari. Da farko rassan da ke kan ɗaki za a rage. Masu saran suka ce in an rage gefe ɗaya zai karkata ya faɗa wa rumbu da iskar farkon damina, ga shi mai sayen icce yana tsaye yana zuga su. Kafin la'asar sai kututture.

Bayan kwana uku Kaka ta dawo. Ta tsaya a bakin zaure da ƙullinta a ka, tana ƙifta ido, don hasken da ya cika gidan bai saba da ita ba, ita ma ba ta saba da shi ba. Ta dubi kututturen, ta dubi tarin ɗanyen mangwaron da aka share gefe awaki suna ci. Can ta juyo gare ni ta ce, "Sani, ɗauko mini tabarmata ka kai ɗaka." Ban taɓa jin sunana ya yi mini nauyi irin na ranar ba.

Ba zan yi wa sola ƙarya ba, daga nan ta yi aiki. Fitila ta kai asuba, maƙwabta suka riƙa kawo caji, na ci jarrabawa, bakin yara ya mutu. Amma da bazara ta kama, tsakar gidan ya zama kasko. Ruwan randa ya koma ɗumi, daka ya koma sassafe, lilo ya ƙare. Kaka ta tare a ɗakinta ƙarƙashin kwano. Baba ya sayo fanka ya kai mata, ta yi masa godiya, ta mayar da ita wurin rataye mayafi. Na sha yi mata tsiyar da muka saba, in ce na samo sabuwar mata, sai ta yi murmushi ta ce Allah ya ba da zaman lafiya. A shekara ta uku batir ya gaji, wata shinkafar ta sake tafiya. A ta huɗu Kaka ta rasu ina makarantar kwana, ba ta ƙara ce mini Maigida ba, ni kuma ban taɓa buɗe baki na ce ta yafe mini ba.

Yanzu ina aiki a birni, da sola a kan gidan da nake haya. Abokai kan tambaye ni ko tana biyan kuɗinta, in ce tana biya, in dai mutum ya sayi batir mai kyau ya kuma san wata rana zai sake shi. Sai in ƙara da tambayar inda za su ɗora ta, su yi ta mamakin abin da ya dame ni. Gidanmu na ƙauye yau faranti huɗu ne, jere a rufin zaure, kuma har yanzu ba wanda ya sata. Da azahar ba ka ganin kowa a tsakar gida, kowa yana ɗaki gaban fanka, sai kaji da ke raɓewa jikin kututture. In na je nakan zauna a kansa kaɗan kafin rana ta kore ni. Haske mun saye shi, amma inuwa har yau ban ga mai sayarwa ba.