Daga Bayan Ƙyallen Majigi

Shin tausayin uwarsa ne ya sa Baba ya yi shiru, ko kunya ce ta rufe masa baki? Na tsufa da tambayar nan, kuma duk waɗanda za su iya ba ni amsa sun riga ni kwanciya. Na ƙarshensu shi ne maigidana, wanda na fita takabarsa a watan jiya. Ni ban yi karatu ba, jikata ce ke rubuta muku. In kun ji magana ta yanke, kuka ne ya ci ƙarfina, ku yi mini uzuri.

Ragowar farin yadin likkafaninsa na wanke na shanya a igiya. Rana ta bugo shi ta baya, inuwar jikata ta gifta a jikinsa. Sai na gan ni ina yarinya a ƙauyenmu na ƙasar Maradun, wanda yau ruwan Bakolori ke kwance a kansa.

A bakin gulbi muke. Da rani ƙamshin albasa da jiƙaƙƙiyar ƙasar fadama kan shigo mana har ɗaki. Wata bazara sai ga ma'aikata da takardun sabon matsuguni a kan tudu, suka ce za a tare gulbi, ruwa zai ci garin. Tare da su akwai wani mutum mai akwati a kan ƙafa uku, yana ta leƙa cikinsa. Mata ba su je wurin ba, labari muka ji. An ce dattawa sun yi cirko-cirko, ba mai son a ce shi ya fara. Baba, da ke da bakuna da yawa a wuyansa, shi ya fito ya fara karɓa.

Kakata, uwar Baba, tana da miji da 'ya'ya uku a maƙabartar garin. Tun ranar ta daina amsa gaisuwarsa. Kullum da safe ya durƙusa a ƙofar ɗakinta, ya gaishe ta har ya gaji, ita kuwa tana kaɗin audugarta kamar iska ce ke wucewa. Tuwon da aka kai mata daga tukunyarmu, ni nake dawowa da shi a rufe. Mutum mai gemu, amma na sha ganinsa a bayan rumbu yana share ido. Fushin uwa ba abin wasa ba ne.

Bayan an yanke gero sai majigi ya zo. Aka kafa sanduna biyu a filin ƙofar gari, aka ɗaura farin ƙyalle, injin wuta yana ta ruri da warin mai. Da aka idar da magariba maza suka zauna a gaba, mu mata da 'yan mata muka shimfiɗa tabarmi a bayan ƙyallen, don mace ba ta kutsawa cikin maza, kuma hoton yana fitowa ta baya sarai. Ni na riƙo hannun Kaka. Ta ce ba kallo za ta ba, maƙaryata za ta gani da idonta.

Aka nuna ruwa yana gudu a magudanar siminti, da alkama kore shar. Can sai ga gulbinmu, ga tsamiyar mashaya, mata suka ɗauki guɗa da salati. Sai ga Baba, ya cika ƙyallen kamar rumbu. Ma'aikacin ya miƙo takarda. Baba ya sa hannu ya karɓa, da hagu.

Kaka ta damƙe wuyan hannuna har na ji zafi. Ta ce, "Ɗiyata, kin gani? Da hagu yak karɓa."

Kun dai san mu. Abin da ka karɓa da hagu ka raina shi, ka raina mai ba ka. Yaro ma sai ya sha ranƙwashi. Muna komawa gida ta aike ni in kira shi. Ya zo ya durƙusa inda ya saba. Ta ce ashe bai ba su zuciyarsa ba, ashe a gaban jama'a ya nuna musu iyakarsu, me ya hana shi gaya mata? Baba ya sunkuyar da kai. Ta ɗora hannu a kansa ta sa masa albarka mai tsawo, sannan ta tambaya ko akwai sauran tuwo.

Damina biyu ta yi a kan tudu kafin Allah ya karɓi abinsa. Duk baƙon da ya zo gaishe ta sai ta ba shi labarin, ga maza zaune da suka kalli majigin nan ta gaba, sai dai su ce haka ne, Inna. Ni ma na ɗauki labarin na tafi da shi Talata Mafara da aka yi mini aure. Maigidana ɗan garinmu ne, mai fataucin shanu, yana cikin samarin da suka zauna gaba a ranar. In na fara ba yara labarin kakansu, sai ya yi murmushi ya ce a miƙo masa buta.

Ina da 'ya'ya huɗu, Baba ya riga ya rasu, aka kawo majigin masu kiwon lafiya unguwarmu. Ƙaramin ɗana ya sulale, na bi shi daga bayan ƙyalle zuwa gaba. Matar cikin hoton da na bari tana ba jaririnta magani da hagu, na iske ta tana ba shi da dama. Na koma baya, hagu. Na dawo gaba, dama. Da na tambayi maigida, sai ya ce tuwo na hucewa. Na sake tambaya shekaru da yawa, kullum akwai abin da ke hucewa.

Yanzu jikokina kowa da kallonsa a tafin hannu, abin ba shi da gaba ba shi da baya, duk abu ɗaya ake gani. Ban ce laifi ba ne. Amma nakan ce da haka aka yi a zamaninmu, da Baba ya shiga kabari ba albarkar uwa. Gari guda na maza ya riƙe bakinsa saboda tsohuwa ɗaya. Ban sani ba ko yau za a iya.

Ranar da zai bar ni, da hantsi, ina ba shi kunu a cokali, na ce, "Malam, don girman Allah, yau kam ba abin da ke hucewa."

Ya daɗe yana kallona, har ya so ya yi dariya. Ya laluba ya riƙe hannuna.

"Da dama ne, uwar yara. Amma in na je na iske tsohuwa, da hagu zan ce mata."