Kububuwa a Gindin Ƙafar Malam

Jama'a! Yau kwaleji ta kai mu gonar albasa a Bodinga. Malam Sani, wanda ba a katse mishi magana, yana tsaka da bayani, sai na hangi kububuwa dab da takalminshi! Innalillahi!

Na ce, "Allah gafarta Malam, ina neman alfarma."

Ya ce, "Bari in ƙare, Hadiza."

"Don girman Allah, Malam, in ba damuwa, kada ka motsa ƙafa."

Ya duba ƙasa, ya sandare! Mai gonar ya lallaɓo ya maka mata sanda.

Malam na share zufa ya ce, "Ɗiyata, wanga ladabi ya kusa kashe ni. Wani karon ki ce maciji kawai!"