Yashin da Mama Ta Tankaɗe

Akwai abin da na gani a bakin kogi a Lau wanda har in bar duniya ba zai fita daga raina ba. Farkon abin da ya ja idona wata tsohuwa ce zaune kusa da wani jirgin katako da aka janyo kan tudu, tana tankaɗe yashi da rariyar gari, a natse, kamar mai shirin tuwon baƙi.

A lokacin na gama sakandare, aka tura ni daga gidanmu na unguwar Barade zuwa Lau in taya goggona zama. Na tafi da jaka cike da littattafan soyayya na kasuwa. A tunanina na wancan lokacin, so shi ne saurayi mai mota ya tsaya a ƙofar gida da turare, ya faɗi kalaman da za su hana mutum cin abinci. Duk abin da ba shi da ƙamshi ban lissafa shi cikin so ba.

Tsohuwar maƙwabciyar goggona ce. Ita da mijinta masunta ne, Kiristoci, kowa a unguwar Mama da Baba yake ce musu. Ita ke tuƙi da filafili, shi kuma ya tsaya a kan allunan da aka shimfiɗa a goshin jirgin ya jefa birgi, ragar nan mai zagaye. Haka suka tsufa. To, sai idanun Baba suka fara dushewa, har ya kai haske da duhu kawai yake bambancewa. Wata safiya santsin kifi ya kwashe shi a kan allunan, ya bugu a haƙarƙari ya faɗa ruwa, da ƙyar Mama ta jawo shi. Babban ɗansu da ke aiki a Jalingo ya zo ya ce maganar kogi ta ƙare, zai tafi da tsohon ya zauna a ɗaki. Tun daga ranar Baba ya rage magana da abinci. Mama ta ce wa ɗan ya ba ta mako guda, in ya dawo ya ga ƙafar uban ta ko motsa ba daidai ba, ita da kanta za ta ɗaure masa kaya.

Ban san duk wannan ba sai daga baya. Ni dai na matsa na gaishe ta. Ta wanke yashin, ta zuba wani a kasko tana juyawa a kan wuta don ya bushe ƙarau.

"Mama, yau yashi za mu ci?"

"In ka iya taunawa, 'yata, in sa maka miya," in ji ta. Ita kowa "ka" ne a bakinta, mace ko namiji. "Zauna, riƙe min rariya."

Kashi biyu ta yi. Mai laushin da ya sauka ƙasan rariya ta tara a kwano, mai kaushin da ya rage a sama, wanda ya kusa zama tsakuwa, ta zuba a ƙwarya. Muka kankare allunan da wuƙa, muka wanke da toka har ƙarnin kifi ya fita, muka bar su suka sha rana wuni biyu. Sannan ta buɗe gwangwanin fenti shuɗi ta shafa da kauri. Allunan suka ɗau ƙyalli, zuciyata ta motsa.

"Mama, bari in zana muku fure a tsakiya, da zuciya guda biyu."

Ta yi dariya har da riƙe ciki. "Wa zai gani? Kifi?"

Kafin in ba ta amsa, ta ɗebi yashi ta fara barbaɗawa a kan ɗanyen fentin. Na ji kamar in yi kuka, don a idona ta lalata abu mai kyau. Mai laushin ta rufe tsakiya da shi, inda ake tsayawa. Mai kaushin kuwa ta bi gefe da shi, faɗin tafin hannu, ta zagaye allunan kaf. Da ya bushe ta share wanda bai kama ba, ta sake bi da fenti sama-sama don ya riƙe.

"Na tsakiya don kar ya zame," ta ce min. "Na gefe don ya ji. Idonsa ya tafi, ƙafarsa na nan. Shekara nawa ina wanke ƙafan nan, na san abin da yake ji."

Ranar Asabar ɗan ya iso da motar haya da safe, an kwana ana ruwa, komai a jiƙe. Ya tsaya a gaɓa da takalmin ofis, ya harɗe hannu. Mata masu jiran kifi suka taru, ni ma na kutsa cikinsu.

Ɗan ya dubi uban ya ce, "Baba, don Allah a bar wannan abu. Me za ka nuna wa mutane?"

"Kai dai tsaya inda kake, kar takalminka ya jiƙe," in ji tsohon.

Mama ta kama hannun Baba ta ɗora shi a goshin jirgin. Ya ɗan goga tafin ƙafarsa a tsakiya, ya miƙa babban yatsa har ya taɓa kaushin gefe, ya janye. Na ga ya gyara tsayuwa. Ta tura jirgin suka shiga ruwa, ba nisa, muna ganin fuskokinsu.

Ya tattara birgin a kafaɗa ke nan sai ga wani jirgi mai inji ya wuce ɗauke da buhuna, ya turo igiyar ruwa. Jirginsu ya karkata. Baba ya yi baya taku ɗaya, ya ƙara na biyu. Ɗan ya ƙwala ihu ya faɗa cikin ruwa har gwiwa. Diddigen tsohon ya sauka a kan kaushin nan, a bakin allo, bayansa babu komai sai kogi, sai ya tsaya cak kamar wani ya dafa masa baya. Ya dawo da ƙafar tsakiya, ya juya jikinsa gaba ɗaya, ya saki birgin.

Ban taɓa ganin abu kamarsa ba. Ragar ta buɗe a sama, zagaye cikakke, ɗigon ruwa na tashi daga jikinta cikin hasken safiya, ta sauka a hankali ta rufe fuskar kogin. Matan da ke gaɓa suka ɓarke da guɗa. Mama ko ɗaga kai ba ta yi ba, filafilinta kawai take riƙe da shi a ruwa.

Da suka fito, ɗan ya durƙusa ya shafa allunan da hannu, ya daɗe yana shafawa. Can ya ce, "Mama, wannan zai kai ƙarshen damina?"

"In ya cinye, yashi ya ƙare a Lau ne?"

Motar ta koma Jalingo da ƙwaryar kifi a kujerar da aka tanadar wa Baba.

Ya ci gaba da jefa birgi wasu shekaru, har Mama ta rasu. Bayan an binne ta, shi da kansa ya aika a kira ɗan, ya ce yanzu kam a zo a ɗauke shi. Yana nan a Jalingo, ya tsufa tukuf, nakan je gaishe shi da yarana, yana gane ni da murya. Abin da na koya a wurinsu shi ne, mai ƙaunarka da gaske yakan zauna ya lura da abin da ya rage maka, ya yi aiki a kansa har ka sake tsayawa da ƙafarka.