Suma'ila Mai Hoto da Mutanen Zermu

Suma'ila ya koyi ɗaukar hoto wurin Malam Markus, wani Kirista da ke Zango, tun zamanin akwati mai ƙafa uku. Mai hoto ya cusa kai cikin baƙin ƙyalle, ya buɗe idon akwatin, ya ƙirga biyar, sannan ya zura hannu ya wanke takardar cikin akwatin. Wanda ya motsa, hotonsa ya lalace. Shekara ashirin Suma'ila yana wannan aiki a bakin kasuwar Damagaram.

Da damina ta ƙi shekara biyu a jere, aiki ya yi masa yawa, abin kuma bai yi masa daɗi ba. Mutanen ƙauye ke zuwa hoton karti, wato katin shaida, don su tsallaka iyaka zuwa kudu. Sai ya lura hotuna na fita dishi-dishi. Ya zargi maganin wanki, ya zargi takarda. Ashe mutanen ne ba sa iya tsayawa cik har ya kai biyar, jiri na kwasarsu. Dole ya yi sautu Kano aka kawo masa ƙaramar kyamara mai fim, wadda ke kama mutum cikin ƙiftawar ido.

Ran wata Alhamis wani manomi daga Zermu, Modu, ya zo da matarsa Sakina da 'ya'ya biyar.

"Na karti ne, Malam?" in ji Suma'ila.

"A'a. Mu duka za ka ɗauka, wuri ɗaya."

"Sai fim ya cika ake wankewa. Kwana goma."

"Ba sauri. Ka ajiye."

Sabuwar kyamarar ba ta ɓoye kome ba. Da hoton ya fito, Suma'ila ya ga gashin yaran ya yi ja, wuyan Sakina kamar kara. Ya kife shi cikin kwali.

Bayan wata bakwai Modu ya dawo, shi kaɗai. Ya karɓi hoton, ya daɗe yana kallo, yana bin fuskokin da ɗan yatsa.

"Yanzu na karti nake so," in ji Modu.

Da Suma'ila ya ɗaga kyamara, sai ya hango bayan Modu, kan hanyar gabas, ayari na tafe da tabarmi da ƙore, ba dabba ko ɗaya.

"Mutanenku ne?"

Modu bai waiwaya ba. "Na gaba ke nan. Sauran na nan tafe."