Fijon Cornelius da Yatsun Baba Adebayo

Duk wanda ya zauna Samaru a farkon shekarun dubu biyu ya san Cornelius Yashim, in bai san sunansa ba ya san motarsa. Wata farar Fijo ce tsohuwa, amma kullum tana sheƙi, rufinta sumul, har amaren coci kan roƙa a kai su ɗaurin aure a cikinta. Kowace safiya yakan fito da ita daga layinsu, ya bi ta Kwangila ya gangara Sabon Gari, inda yake da shagon gyaran rediyo da talabijin tun yana saurayi.

Mutumin Zonkwa ne. Ya zo Zariya koyon sana'a, Zariya ta riƙe shi, ya auri Clara malamar firamare, suka hayayyafa. Da wayar salula ta shigo, abokan sana'arsa duk suka watsar da rediyo suka koma gyaranta. Shi ko ya ce a kai kasuwa. Wayar da sai ka san lambar mutum kafin ka kira shi, in ji shi, ina daɗinta? Shi abin da ya shiga ransa shi ne rediyon 'yan sha'awa, irin wanda mutum ke samun lasin gwamnati ya kafa eriya, ya jefa kira cikin iska, wani can a wata ƙasa da bai taɓa gani ba ya amsa masa.

Wanda ya sa masa wannan ciwo shi ne Baba Adebayo, tsohon ma'aikacin tangarahon Reluwe da ke zaune a Jushi. Cornelius yana ɗan koyo ya kai masa gyara gida, ya tarar da dattijon yana ƙwanƙwasa wani ɗan maɗannin tagulla, ƙit-ƙit-ƙiit, yana dariya shi kaɗai. Ya tambaya, aka ce da wani mutumin Birazil ake hira. Daga ranar Cornelius ya zama ɗan gida. Baba ya koya masa harshen ƙwanƙwasa, ya koya masa haƙurin sauraro, ya tsaya masa har ya sami lasinsa.

To, zamani ya juya. Wutar lantarki ta zama baƙuwa a Sabon Gari, kowane shago ya ajiye janareto, kuma janareto ba kunnen mutum kaɗai yake cikawa ba, har cikin rediyo yake shiga. In Baba ya kunna nasa, ba ya jin komai sai ƙara kamar ana suyar ƙosai. Ya daina kunnawa. Ga tsufa, ga ciwon ƙafa, matarsa ta riga mu gidan gaskiya, 'yarsa Adunni kuma ta dage ya koma Ogbomoso wurinta ta kula da shi. Baba ya kafe. Ya ce shi ba zai bar Zariya da kunne cike da janareto ba, sai ya sake jin duniya tsaf, ya yi mata sallama da hannunsa.

Nan Cornelius ya yi alkawari. Zai sayi rediyon da ake ɗaurawa a mota, ya ɗauki Baba ya fitar da shi bayan gari, can gonakin hanyar Shika inda babu ko inji ɗaya. Alkawari mai kyau. Sai dai Cornelius mutum ne mai ruwan ido, irin wanda in aka aike shi sayen tumatir sai ya zagaye kasuwa ya dawo hannu wofi.

Maƙwabcin shagonsa, Uzodinma mai sayar da kayan lantarki, shi ke zuwa Legas, kuma kowace tafiya sai ya riƙo masa mujallun kamfanoni masu hotuna. Wayyo, ka ga Cornelius ranar da mujalla ta iso. Sai ya ture aikin mutane gefe, ya shimfiɗa ta a kan tebur, ya sa gilashi, baki har kunne. Kamfanoni biyu ne na Japan suka raba masa hankali. Na farko rediyonsu ƙarami ne, ana ɓoye jikinsa ƙarƙashin kujera a manna fuskarsa kusa da sitiyari, amma an ce yana saurin ɗaukar zafi, ga shi zafin Zariya a bazara ba ya buƙatar taimako. Na biyu nasu kunnensa kaifi, yana tsinto murya komai nisanta, sai dai ƙato ne, kuma yana shan batir. Akwai wani na Amurka da Uzodinma ke yabo, Cornelius ya ce wannan ko sukurunsa ya ɓace sai ka je Amurka neman wani.

Da ya kusa yanke shawara, sai sabuwar mujalla ta zo da hoton wani da ba a ma fitar ba tukuna, an rubuta yana nan tafe, wai har ƙarar injin mota yake tacewa. Shi ke nan, an koma gidan jiya.

"Oga Koni," in ji Uzodinma wata rana, "kai fa mai zuwa kake so kullum. Wanda ya zo, ba ka so. Abeg, zaɓi ɗaya mu huta."

"Ba ka gane ba ne, Uzo. Baba fa za a ɗaura wa. Ba zan kai masa abin da bayan wata biyu za a ce ya tsufa ba."

Clara ce kaɗai ta san inda gizo ke saƙa. Ta faɗa masa a tsakar gida tana tsince shinkafa, ba ta ko ɗago kai ba.

"Baban Raphael, ba rediyo kake zaɓe ba. Tsoro kake ji ka cika alkawari Baba ya tafi."

Maganar gaskiya ce, kuma ta yi masa ciwo. Yana son dattijon nan kamar mahaifinsa, bai san yadda Asabar za ta kasance ba tare da ya leƙa Jushi ba.

Ana cikin azumin Ista Adunni ta zo shagon da kanta. Ta gaishe shi da ladabi, ta ce likita ya yi magana, zaman Baba shi kaɗai ya ƙare. Bayan Ista mota za ta zo, ko Baba ya yarda ko bai yarda ba.

"Broda Cornelius, ba na so in ɗauke shi yana kuka. Ku ne kawai za ku sa ya shiga motar nan da ƙafarsa."

A ranar ruwan ido ya warke. Ya tura Uzodinma ya sayo ƙaramin nan na kamfanin farko, wanda yake hannu, ba mai zuwa ba. Ranar da kwalin ya iso sai ka ce an yi masa haihuwa. Ya wanke hannu kafin ya buɗe, ya shinshina ledar, ya kira masu walda da masu ɗinkin layin su zo su gani. Ya ja waya daga batir, ya manna fuskar rediyon, sa'an nan ya ɗauko doguwar eriya mai gindin maganaɗisu ya ɗora a tsakiyar rufi. Ya zaɓi mai maganaɗisu ne don kada ya huda rufin da ake yaba masa.

Ya kunna. Allurar awon da ke fuskar rediyon ta yi tsalle ta faɗa cikin ja, rediyon ya ƙi ba da ƙarfi. Ya gajarta eriya, ya tsawaita, ya sake waya, duk a banza. Sai ya huce a kan kamfani. Ya tsaya ƙofar shago yana faɗa, wai dama zuciyarsa ta gaya masa na biyun ne na ƙwarai, wai 'yan kamfanin farko hoto kawai suka iya. Uzodinma ya ce shi dai ba a mayar masa da kaya. Suka kwana biyu ba sa gaisawa sosai, ga Ista tana matsowa.

Allah ya taimake shi da ramin hanya. Yana komawa gida da yamma, wajen Kwangila, taya ta faɗa rami, sai ya ji ƙwaram a sama. Eriya ta zame ta faɗi gefe tana lilo a jikin wayarta, 'yan acaɓa suna masa ihu. Ya fito yana mamakin maganaɗisun da aka ce ko guguwa ba ta ɗaga shi. Inda gindin ya daki rufi, fenti ya ɓantare, ƙarƙashinsa wani abu toka-toka mai kauri ya bayyana. Ya ƙwanƙwasa da yatsa. Ba amon ƙarfe ba ne, amon bango ne.

Sai ya tuna. Shekarun baya reshen mangwaro ya faɗo wa motar, ya kai wa Chuks mai gyaran jikin mota. A Sabon Gari kuwa ba a tambayar mai gyara yadda ya yi, tafin hannu ake sawa a shafa, in ya yi sumul an iya aiki. Chuks ya cike lotsar da bodi-fila, wannan ƙullun da ke daskarewa, ya goge ya fesa fenti, Cornelius da kansa ya yi ta kai masa kwastomomi. Ita kuwa eriyar mota sai ta jingina da ƙarfen jiki take aiki. Ashe duk kwanakin nan a kan ƙullu ya dasa ta, wanda ko maganaɗisu ba ya kamawa. Ya tsaya bakin titi yana dariya har da riƙe ciki, masu wucewa suna kallonsa.

Washegari ya ba Uzodinma haƙuri, ya ba kamfanin Japan haƙuri a bayan idonsu. Ya ɗauko abin huda ƙarfe, ya kankare fenti a bayan mota har ƙarfe ya fito fari, ya ɗaure eriyar da noti, ya haɗa ta da ƙashin mota da wayar tagulla. Motar amare ta sami tabo, bai damu ba. Ya kunna, allura ta kwanta lafiya lau.

Ranar Litinin ta Ista, da la'asar, Cornelius da Adunni suka ɗauki Baba. Ya sa hularsa ta zuwa coci, ya rungume maɗanninsa a cikin tsumma. Adunni na baya. Suka wuce Samaru, suka bar kwalta, suka tsaya ƙarƙashin wata ɗorawa a tsakiyar gonakin da ke jiran ruwa. Cornelius ya kashe mota ya murɗa rediyo. Babu suya, babu ƙara. Sai ga ƙwanƙwasa tana fitowa ta ko'ina, siriri da kauri, kusa da nesa. Baba ya rufe ido.

"Suna nan," ya ce a hankali. "Ashe suna nan."

Aka ɗora masa katako a cinya. Hannun nan da ke rawa in ya ɗauki kofi, yana taɓa tagulla ya tsaya cak. Ya jefa kira. Ya sake. A na uku wani ya amsa, daga Italiya. Baba ya saki hannu, yatsu suka yi ta gudu, har Cornelius ya kasa bin maganar. Can sai amsa ta dawo, gajera, Baba ya fashe da dariya har hularsa ta karkace.

"Me ya ce, Baami?" in ji Adunni.

"Wai in rage gudu, ba ya iya kamo ni."

Ya rage masa. Bayan Italiya ya yi da wani a Jamus, ya yi da wani a kan jirgin ruwa, kowa ya gaya masa sunansa, da Zariya, da cewa wannan ne kiransa na ƙarshe daga nan. Cornelius na zaune a bayan sitiyari, murna ta cika shi har wuya, yana jin kamar ya fita ya yi tsalle a cikin kunyoyin gonar.

Da rana ta yi ƙasa, Baba ya buga alamar sallama, ya zare wayar maɗannin da kansa. Ya naɗe shi a tsumma, ya ɗora a cinyar Cornelius. Sa'an nan ya waiwaya baya.

"Adunni, gobe ki fara ɗaure kaya. Na shirya."

Cornelius ya sa hannu a makulli, amma ya daɗe bai tayar da motar ba.